Aron Ɗakin Kaltum

Ranar da 'yan fim suka shigo gidan Hashim a unguwar Hausari ta Maiduguri, ba wanda ya tambayi matarsa Kaltum ko ta yarda. Tana tsakar gida tana soya itacen turaren wuta da sukari, sana'ar da ta koya wajen mahaifiyarta, sai Hashim ya leƙo ya ce ta saka mayafi, ga baƙi daga Kano. Kafin ta gama lulluɓi maza bakwai sun cika tsakar gidan da wayoyi da fitilu. Siddiƙa, ƙanwar Hashim, ita ce a gabansu tana nuna hanya, sai ka rantse ita ta gina gidan.

Siddiƙa marubuciya ce. Littafinta na soyayya, *Ƙamshin Jiya*, ya zaga wayoyin mata tun daga Maiduguri har Sakkwato, shi ne wani darakta mai suna Taufiq ya zo zai mayar da shi fim mai dogon zango. Sun kwana biyu suna neman ɗakin da zai dace da tauraruwar labarin, Fanna mai sayar da turare, ba su samu ba. Sai Siddiƙa ta tuna ai akwai na matar yayanta.

Hashim na ɗaga masa labule, Taufiq ya tafa hannu. "Shi ke nan! Wannan shi ne ɗakin 'yar Barno na gaske." Ya shafa gadon, ya buɗe kabad ɗin gilashi da ke shaƙe da kwanuka, ya ɗauki tsohon kaskon turare mai ɓallin baki, wanda mahaifiyar Kaltum ta ba ta, ya jujjuya. Har cikin akwati sai da aka buɗe masa, ya zaɓi koriyar laffaya mai zaren zinari, wadda Kaltum ta yafa ranar sunan 'yarta Mu'mina.

Kaltum ta ja mijinta gefe. "Baban Mu'mina, ɗakin kwanana ne fa. Maza a kan gadona?"

"Kwana uku ne kacal," in ji Hashim, idonsa na kan kyamara. "Ki koma wajen Ya Gumsu ki kwana. Allah Ya ɗaukaka ƙanwata, ke ce za ki zama 'yar baƙin ciki?"

Ya Gumsu ita ce uwar Hashim da Siddiƙa, ɓangarenta na cikin gidan. A ƙasan ɗakinta Kaltum da 'yarta suka shimfiɗa tabarma. Kwana ukun nan sai da ya zama mako uku.

Ba ɗakin kaɗai aka ara ba, kuma wannan shi ya fi ci wa Kaltum rai. Wata rana can baya suna tankaɗen garin farcen da ake haɗa turare da shi, hira ta yi daɗi, ta ba Siddiƙa labarin wani saurayi da ya neme ta kafin Hashim, ya tafi Njamaina fatauci, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hira ce ta mata, irin wadda ake yi a manta. Ashe Siddiƙa na tattarawa. A littafin, saurayin Fanna ya dawo daga Njamaina bayan ta yi aure, ya zo har ƙofar ɗakinta, ita kuma ta rufe masa ƙofa ta ce ya ji tsoron Allah. Da Kaltum ta yi ƙorafi a lokacin, Siddiƙa dariya ta yi. "Haba Anti Kaltum, ai yabon ki na yi. Wa zai gane?"

Aka fara sakin fim ɗin a waya, kashi ɗaya kowace Juma'a bayan la'asar. Makonnin farko abin gwanin sha'awa. Matan unguwa suka riƙa shigowa suna cewa, "Maman Mu'mina, mun ga ɗakinki!" Ta yaya ba za su gane shi ba? Su suka yi mata jere shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sun san kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda gwaggonta ta kawo. A ƙarshen kowane kashi kuma sai a rubuto da manyan baƙaƙe: godiya ta musamman ga iyalan Hashim na Hausari. Hashim kan tsayar da hoton daidai nan ya nuna wa abokansa a majalisa, yana washe baki.

Sai kashi na bakwai ya zo.

A ɗakin Ya Gumsu suka taru suna kallo, an jingina wayar Siddiƙa da flas ɗin shayi. Ga Fanna sanye da koriyar laffayar Kaltum, ta zuba turare a kaskon Kaltum. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kaltum ta san wajen a littafi, tana jiran a rufe. Sai Fanna ta buɗe, ta yi murmushi, ta matsa gefe. Mutumin Njamaina ya shigo ya zauna a bakin gadon da Kaltum ta haifi 'yarta a kai, ƙofa ta rufu a bayansu, waƙa ta tashi.

Kaltum ta ji kamar an watsa mata garwashi a ƙeya.

"Siddiƙa, ba haka kika rubuta ba."

"Ni ma na yi magana, Anti," in ji Siddiƙa tana wasa da akaifa. "Darakta ya ce idan ta rufe ƙofa, fim ya ƙare a nan. Me za a nuna a sauran makonnin? Littafi daban, fim daban. Ke dai ba ki san harkar ba ne."

Waɗanda ke nesa sun yi ta musu a ƙarƙashin fim ɗin. Masu littafi suka ce an ci amanar Fanna, an ɓata musu labari, Allah Ya isa. Waɗanda ba su karanta ba suka ce yanzu ma aka fara fim. Masu kallo suka ninka cikin kwana biyu. Amma mutanen Hausari ba su ɓata bakinsu a kan musun littafi da fim ba, su haɗe-haɗe suka zauna yi. Marubuciyar a gidan take kwana. Ɗakin na Kaltum ne, laffayar tata ce, sana'ar tata ce. Wata tsohuwa kuma ta tuna cewa lalle kam an taɓa yin wani ɗan Njamaina. To, me ya rage?

Margaret ce ta fara faɗa mata gaskiya. Malamar firamare ce, mutuniyar kudancin Barno, tana haya a layin bayansu, kuma ta shekara shida ba ta sayen turaren kowa sai na Kaltum. Ta shigo ranar Lahadi daga coci, ko zama ba ta yi ba ta miƙa mata waya.

"Maman Mu'mina, gara ki ji daga bakina. Karanta nan."

Wata ce ta rubuta a ƙarƙashin fim ɗin: *Wallahi labarin gaskiya ne, na san gidan, na san matar, a Hausari take sayar da turare.* Mutum ɗari huɗu sun danna alamar so.

"Na ba su amsa, na ce ƙarya ne," in ji Margaret. "Sun ce ni 'yar kanzagi ce. Ki sa yarinyar nan ta fito ta yi magana da bakinta tun wuri."

Kaltum ta samu Siddiƙa a ɗaki tana shafa hoda, za ta tafi hira a wani gidan rediyo. Ta roƙe ta, ita da ta girme ta da shekara goma. Minti ɗaya kawai, ta ɗauki kanta a waya ta ce ɗaki aka ara, labari ƙirƙira ne.

"Zan yi, Anti, amma ba yanzu ba. Darakta ya ce wannan raɗe-raɗin shi ke jawo mutane. Ki bari a gama zangon farko. Magana ce ta baki, kwana nawa za ta yi?"

Da yamma Kaltum ta kunna rediyo. Mai gabatarwa ya tambayi Siddiƙa ko labarin ya taɓa faruwa. Siddiƙa ta yi 'yar dariya ta ce, "To, marubuci dai ba ya rubuta abin da bai gani ba." Da wannan 'yar dariyar ta gama da matar yayanta, sannan ta dawo gida da tsire a leda tana raba wa mutane.

Daga nan kwanakin Kaltum suka fara lalacewa. Wata Hajiya da ta ba ta aikin turaren amarya ta aiko a ce ta fasa, wai turaren da aka san irin aikin da yake yi ba zai shiga ɗakin 'yarta ba. A gidan suna, Kaltum ta zauna a tabarma, mata biyu suka tuna suna da abin yi a madafa. Ta tari keke za ta kasuwa, direban ya kalle ta a madubi ya kunna waƙar fim ɗin, ya ƙure murya. Samarin bakin layi kuwa ba sa ma ɓoyewa, in ta wuce sai ɗaya ya yi gyaran murya ya ce, "Fanna, a buɗe mana ƙofa mana." Kwalaben turare suka yi ta taruwa a kan kabad, ba mai ɗauka.

Ta kai kuka wajen mijinta. Shi ya kawo mutanen nan, sunansa ne a ƙarshen fim, kalma ɗaya daga bakinsa a masallaci ko a majalisa ta isa.

"Ni na ce kin yi wani abu?" in ji Hashim. "Share su. In na fito ina bayani ai na nuna akwai abin da nake karewa ke nan."

Ta ce a ranta wataƙila yana da gaskiya. Bayan kwana uku ta fito daga wanka ta tarar da shi riƙe da wayarta yana bin sunaye. Bai ji kunya ba, bai ma ajiye ba.

"Wai shi wannan na Njamainan," ya ce, "yaya sunansa?"

"Baban Mu'mina, kai ma?"

"Tambaya ce kawai. Ba ki taɓa ba ni labarinsa ba, amma kin ba Siddiƙa. Me ya sa?"

Ka ji fa! Mutumin da da hannunsa ya ɗaga wa ƙatti labulen ɗakin matarsa, yau shi ke tuhumar ta da buɗe ƙofa.

A kashi na goma aka nuna Fanna da ciki, tana ƙirga watanni a yatsu tana kuka. Ranar Asabar Mu'mina ta dawo daga Islamiyya tun kafin a tashi. Shekararta tara, yarinya ce mai surutu, amma ranar ta shigo ba sallama, ta tsaya a bayan uwarta da jaka a rataye.

"Mama, wai Baba ba shi ne babana ba?"

Kaltum ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta juyo.

"Wa ya ce miki?"

"'Yan ajinmu. Sun ce babana ɗan Chadi ne, wai an nuna a fim. Sun ce shi ya sa na fi Baba tsawon hanci."

Kaltum ba ta yi kuka ba. Fushi ne ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Ta kama hannun yarinyar ta nufi ɗakin surukarta, ta tarar da su ukun suna cin abinci: Ya Gumsu, Hashim da Siddiƙa.

"Ya, ki ji abin da ake faɗa wa jikarki. Faɗa musu, Mu'mina."

Yarinyar ta maimaita, kanta a ƙasa. Siddiƙa ta sunkuyar da kai cikin kwano. Hashim ya kalli fuskar 'yarsa, kuma Kaltum ta ga inda idonsa ya tsaya. A kan hancin ya tsaya.

Ya Gumsu ta wanke hannu a natse. "Kaltum, ni na san ki. Ban taɓa ganin ki da wani abin ashsha ba. Amma bakin mutane ya yi mana yawa. Ga Siddiƙa da manemi, ɗan gidan mutunci ne daga GRA, danginsa sun fara tambayar wane irin gida ne wannan. Ki je unguwarku Moduganari wajen mahaifiyarki ki huta, in ƙura ta lafa Hashim zai zo ya ɗauke ki."

"Ni zan tafi? Ya, wa ya rubuta? Wa ya kawo su?"

"Yarinya ce, kuskure ta yi. Ke babba ce, ke za ki yi haƙuri."

"In na fita daga gidan nan yanzu, ai kun sa hannu ke nan cewa gaskiya ne!"

"Kada ki ɗaga wa mahaifiyata murya," in ji Hashim. Shi ne abu ɗaya da ya samu bakin faɗa a ranar.

Ta tafi da akwati ɗaya da 'yarta, da rana tsaka, mata na leƙe ta saman katanga. Yadda ta faɗa haka aka yi. Kafin keken ya kai Moduganari labari ya riga ta isa cewa mijin ya gano gaskiya.

Tana gidan mahaifiyarta aka saki kashin ƙarshe na zangon farko. Fanna ta durƙusa gaban mijinta ta tuba, ya ɗago ta ya share mata hawaye. Ta katanga Kaltum ke jin matan maƙwabta suna jan majina. "Allah sarki Fanna! Ai ɗan Adam ajizi ne." Matar da ta aikata a cikin waya an yafe mata, gari guda na yi mata kuka. Wadda ba ta aikata komai ba kuwa, a makon ne takardarta ta iso a hannun wani abokin Hashim. Saki ɗaya. Hashim ya ce a gaya mata ba don ya yarda da zancen ba ne, don dai ya kasa zama cikin abokansa ne.

Da idda ta cika, yayanta Babakura ya je kwaso mata kayan ɗaki, kamar yadda aka saba. Ya dawo hannu wofi, yana huci.

"Wai a ɗaga musu ƙafa wata biyu. An fara ɗaukar zango na biyu, darakta ya ce dole ɗakin ya zauna yadda yake, masu kallo sun saba da shi. Ko kaskon Mama sun hana ni."

Kaltum ta ce, "Yaya, nemo mana akori-kura da kafinta. Gobe da safe da ni za a je."

Da hantsi suka isa. Layin ya cika maƙil da 'yan kallo, mata da samari da 'yan mata, kowa na ɗaga waya ko zai hango taurari. Da suka ga wadda ta sauko daga mota sai hayaniya ta mutu. Kaltum ta ratsa su ba ta gaida kowa ba.

A ɗakinta ana tsakiyar aiki. 'Yar wasan na zaune a bakin gado cikin koriyar laffaya, an ɗiga mata wani ruwa a ido tana kuka. Kaltum ta shiga gaban kyamara ta tsaya.

"Baiwar Allah, tashi daga gadona. Ki kuma cire min laffayata."

"Wace ce wannan?" in ji Taufiq. "A fitar da ita mana!"

"Mai ɗakin ce," in ji Babakura daga ƙofa. "Fitar da ita mu gani."

'Yar wasan ta dubi Kaltum, ta dubi Siddiƙa da ke raɓe a jikin kabad. Da alama ita ba ta san komai ba. Ta miƙe ta warware laffayar, ta ninke ta da kyau, ta miƙa da hannu biyu. "Ki yi haƙuri, Anti. Ce min aka yi kayan kamfani ne." A duk waɗanda ke gidan nan, baƙuwar ce kaɗai ta ba ta haƙuri.

Kafinta ya fara kwance gado. Taufiq ya bi Kaltum yana yarfe hannu. "Hajiya, za ki kashe mana aiki! Mutum nawa ke jiran fim ɗin nan kin sani? In ɗakin ya canza ai sun gane."

"Anti Kaltum," in ji Siddiƙa, murya ƙasa-ƙasa, "ki bar mana ko na mako biyu ne. Wallahi yau ɗin nan zan yi bayanin da kika ce."

"Yi wa Mu'mina bayani. Wata uku ke nan ta ƙi zuwa makaranta."

Hashim ya shigo da sauri, hula a karkace. "Kaltum, don Allah kada ki tara mana jama'a."

"Ni na tara su? Kai ka kira duniya ta leƙa ɗakina, yau kuma jama'a kake tsoro?"

Aka fito da gado gunduwa-gunduwa, aka fito da kabad, aka jera kwanuka a bayan mota. Kaltum ta fito ƙarshe, laffaya a kafaɗa, kaskon mahaifiyarta a hannu. Ta tsaya a ƙofar gida ta dubi matan da suka yi mata jere, waɗanda ta yi wa turaren haihuwa da na aurar da 'ya'ya, ta kira su da idonta ɗaya bayan ɗaya.

"Ga shi nan, ku ƙara kallo da kyau. Kun gane gadona a cikin waya. Kun gane kwanukana, har ɓallin bakin kaskona kun gane. Shekara goma sha ɗaya ina cikinku, ina shiga gidajenku kuna shiga nawa, ni ce kawai ba ku gane ba."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu kuwa wayoyinsu na sama suna ɗauka. Margaret ce ta fito daga cikin taron, ta karɓi kaskon ta riƙe mata har ta hau mota, sannan ta miƙa mata ta taga.

Babu wanda ya taka zuwa Moduganari neman gafara. Siddiƙa ba ta yi bayanin ba. An ɗaura mata aure da ɗan GRA, aka yi biki na kece raini, kuma littafinta na biyu na kan hanya. Hashim har gobe yana nuna hotunan da ya ɗauka da taurari. Kaltum ta mayar da Mu'mina wata makaranta inda ba a san su ba, ta koma kan turarenta, tana sayar wa duk wanda bai damu da sanin sunan mai yi ba. Koriyar laffayar tana ƙasan akwati, ba ta sake iya yafa ta ba.

Zango na biyu ya fito bayan wata biyu. An ce a fim Fanna da mijinta sun tashi sun koma sabon gida, masu kallo kuma ba su ce uffan ba, suka ci gaba da kallonsu. Ranar Juma'ar farko Kaltum na tsakar gida tana juya turare a kan wuta, sai ta ji matan maƙwabta ta katanga, sun taru a kan waya ɗaya.

"Tsaya, tsaya, mayar da shi baya kaɗan," in ji ɗaya. "Labulen nan fa kamar na san shi. Ɗakin wace ce wannan?"